Kaftin na Ƙarƙashin Bagade

Shekarar da riƙon coci ya faɗo kanmu, ni da maigidana Eloy, ita ce shekarar da daɓen cocin ya gaza. A garinmu San Roque kowace shekara ana danƙa wa miji da mata mabuɗi, su yi shara, su yaɓe bango da laka, su hura murhu ran Lahadi. Waɗanda suka riga mu sun ga katako yana lotsawa, sai suka shimfiɗa kafet a kai, suka miƙo mana mabuɗi da fara'arsu. Ana tsakiyar Mas, babbar addu'ar coci, ƙafar Fada Damian ta burma har gwiwa. Ƙoƙon ruwan inabin da ke hannunsa bai zubar da ko ɗigo ba, amma kalmar da ta kuɓuce masa ba ta cikin littafin addu'a.

Ruwan ƙanƙara ne ke bi ta gindin bango yana cin ƙasa. Eloy da ƙaninsa suka ɗaga katakai za su haƙa magudana. Ba su yi nisa ba shebur ya daki wani abu mai ƙara kamar ƙwarya. Eloy ya sa hannu ya share, sai ga ƙoƙon kan mutum yana kallonsa.

Ba wanda ya firgita. Kowa a garin ya san mutanen dā a cikin coci suke binne mamatansu tun zamanin da sarkin Spain ke mulkin ƙasar nan, masu hali kusa da bagade, talakawa can bakin ƙofa inda ake taka su da takalma masu taɓo. Eloy ya ce a mayar da ƙasa a yi shiru. Fada Damian kuwa matashi ne mai tsoron doka, ya buga wa hukuma waya a Santa Fe. Ba a daɗe ba aka turo mana Dakta Hollis, wata doguwar mace mai furfura, masaniyar tonon tarihi, ita da ɗalibanta da cokulan magina da buroshi da rariya. Aka fitar da bencina, aka mayar da Mas zauren taro, aka ja igiya a ƙofa.

Mutum biyu ne igiyar ba ta tare ba.

Ta farko Doña Eufemia Ulibarri. Ta haura tamanin, ta binne miji amma ba ta taɓa amsa sunansa ba, don a ganinta na ubanta ya fi nauyi. Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna comadre, shi ya sa kuma take aikena kamar ita ta haife ni. Tun ina ƙarama nake jin labarin Kaftin Bartolomé Ulibarri, wanda ya zo daga Spain da takobi da farin doki, ya kafa garin, aka binne shi daidai gaban bagade. Jininsu, in ji ta, bai taɓa gauraya da komai ba.

Na biyu Don Celso Roybal, tsohon mai kiwon shanu, mai tumbi da muryar da ake ji daga ƙetaren rafi. Shi a wurinsa Don Nicolás Roybal ne ya kafa garin, shi ya ɗauko ƙararrawar coci a bayan alfadari tun daga Chihuahua, shi ne kuma kwance a gaban bagade. Littattafan coci na dā sun ƙone tun kafin a haifi iyayenmu, saboda haka kowa na da damar ƙara wa kakansa tsawo yadda ya so. Gidajen biyu sun gaji gaba a kan rabon ruwan lambu. Ba su auren juna, ba su cin abincin juna a biki, a coci ma ɗaya dama ɗaya hagu.

Dakta Hollis daga ƙofa ta fara aiki, don nan ruwa ya fi ɓarna. Abin da ta tarar a wurin shi ya hana ni cin abinci ranar. Mutane ne kan mutane, galibi mata da jarirai, ba akwati, an naɗe su a mayafi an maƙale da allura, in za a binne sabo sai a ture ƙasusuwan tsoho gefe. Ta nuna mini wata da hannayenta ke harɗe a ƙirji, da 'yan duwatsun carbi tsakanin yatsunta.

Doña Eufemia ta leƙa ramin ta kawar da kai.

"'Yar nan, ki bar ɓata lokaci a kan waɗannan. Barori ne. Ki wuce gaba, can mutane suke."

"Su ma mutane ne, Doña," in ji Dakta Hollis, ba ta ko ɗago ba.

"Ban ce dabbobi ba ne. Na ce ki wuce gaba."

Da ta ga magana ba ta ci ba sai ta koma ga tukunya. Kullum da rana ni ce ke ɗauko mata faten masara da jan barkono in kai wa ɗaliban. Don Celso ya ji labari ya yanka ɗan maraƙi. Ita ta aiko da biskit mai kirfa, shi ya aiko da kwando cike da tamale, ƙullin masara mai nama a ciki. Ɗaliban nan da suka zo mana kamar sillen kara, kafin a kai tsakiyar coci sun fara kwance maɓallin wando in za su durƙusa.

Ana gab da shiga sanyi suka kai gaban bagade. Nan aka sami mutum ɗaya kwance shi kaɗai, cikin ragowar akwatin katako, ba a taɓa ture shi ba, dogo, haƙoransa ras. Kafin Dakta Hollis ta gama share ƙirjinsa labari ya gama gari. Doña Eufemia ta iso da baƙin gyale da furanni, Don Celso ya iso da hular da yake sa wa jana'iza. Suka tsaya bakin ramin, ita can shi nan.

"Comadre Benigna, zo ki ga haɓa," in ji ta, tana jan hannuna. "Wannan ba haɓar Ubaldo ƙanena ba ce? Ki faɗi gaskiya don Allah."

"Haɓa kowa na da ita," in ji Don Celso. "Dubi ƙafafu. Kin taɓa ganin Ulibarri da ya kai wannan tsawo? Ku da sai kun taka kujera kuke ɗauko gishiri."

"Tsawon banza. Ina ƙararrawar? Ko alfadarin aka binne a madadinsa?"

"To ke ina takobin?"

Dakta Hollis ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. "Kada ku yi gaggawa. Akwai abin da na gani game da kwanciyarsa da nake so in tabbatar tukuna."

"Kwanciyar manya ce," in ji Doña Eufemia.

"A nan dai ta yi gaskiya," in ji Don Celso.

Na lura Fada Damian ya tsaya yana duban ramin, ya dubi bagade, ya sake duban ramin, ya sosa ƙeya, ya ce yana da mara lafiya da zai je gani.

Jikar Don Celso ce, wadda ke aikin jinya a birni, ta kawo maganar gwajin jini. Dakta Hollis ta ce ana iya cire haƙori ɗaya a gwada, amma sai Bishop ya yarda, kuma sai an sami namiji daga kowane gida, don abin da za a bi layin uba ne, daga uba zuwa ɗa. Ta kuma ce musu su yi tunani, ba kowane gida ne ke jin daɗin abin da gwaji ke faɗa ba.

"Masu abin ɓoyewa su yi tunani," in ji Doña Eufemia, tana kallon Don Celso.

Ita ta dami ofishin Bishop da waya safe da yamma har suka gaji suka sa hannu. Don Celso ya tofa yawunsa a kwalba a bainar jama'a, kamar mai rantsuwa a kotu. Na gidan Ulibarri kuwa sai da muka je har gida wurin Ubaldo, tsoho ne kurma da ba ruwansa da kowa sai kajinsa.

"Tofa!" in ji yayarsa, da ƙarfi.

"Me zan tofa?"

"Yawu! Don Kaftin!"

"Wane Kaftin? Ya dawo ne?"

"Ka tofa kawai, Ubaldo, kada ka kunyata mu."

Duk tsawon sanyin nan ana jira. Doña Eufemia ta sa an sassaƙa dutse a Española da sunan Kaftin da hoton takobi, aka ajiye a falonta an lulluɓe da zane. Don Celso ya buga riguna masu hoton ƙararrawa ya raba wa jikoki, har da surukan da ba ya shiri da su. Gari ya rabu. A shagon Lucero, in ka sayi burodi sai an tambaye ka kai na wa ne. Eloy ya ce shi na magudana ne, don har yanzu ba a haƙa ta ba.

Da bazara Dakta Hollis ta dawo. Ta same ni ina share zauren taro, ta ce in kira mata tsofaffin biyu, tana so ta gana da kowannensu shi kaɗai kafin a faɗa wa jama'a. Na kai saƙo. Doña Eufemia ta ce ba a gaya mata labarin kakanta a lungu. Don Celso ya ce so yake ya ga fuskar tsohuwar nan lokacin da za a faɗa. Dakta Hollis ta sake roƙo, suka sake ƙi. Ta ɗaga kafaɗa ta ce to.

Ran Lahadi bayan Mas zauren ya cika har taga. An kawo dutsen Kaftin a baro an jingine a bango. 'Yan gidan Roybal sun jeru da rigunansu. Fada Damian ya zauna can baya kusa da ƙofa.

Dakta Hollis ta tsaya ba takarda a hannunta. Ta ce, "Zan fara da Ubaldo Ulibarri. Layin ubansa da na mutumin da ke gaban bagade ɗaya ne."

Doña Eufemia ta miƙe tsaye ba sanda, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu sama, ta juya ta dubi Don Celso tun daga hula har takalmi. 'Yan gidanta suka kaure da tafi, wani ya yaye zanen da ke kan dutse.

"Ban gama ba," in ji Dakta Hollis. "Celso Roybal ma haka. Layin ubansa da na mutumin ɗaya ne. Shi da Ubaldo tsatso ɗaya suka fito."

Tafin ya mutu a hannu.

"An haɗa kwalaben," in ji Doña Eufemia.

"An maimaita gwajin a wuri biyu, Doña."

"To wani Roybal ne ya saci sunanmu."

"Ko wani Ulibarri ya tsallaka katangarmu," in ji Don Celso. "Amma dai Don Nicolás ne a ramin."

"Kaftin ne!"

"Ba ko ɗaya," in ji Dakta Hollis. Ta bari hayaniya ta lafa. "Duk waɗanda muka tono a cocin nan ƙafafunsu ne ke wajen bagade, don ranar tashi su miƙe suna fuskantarsa. Mutum ɗaya ne aka kwantar da kansa wajen bagade, don ya miƙe yana fuskantar jama'a. Limami kaɗai ake yi wa haka. Ba maɓalli a jikinsa, ba takobi, ba takalmin soja. Abin da muka samu ragowar rigar ulu ce mai kaushi, da igiya mai ƙulli a ƙugunsa. Fada ne."

Ban taɓa jin zauren nan ya yi shiru irin na ranar ba. Har ƙarar firjin kicin ana ji. Cikin shirun sai Ubaldo ya dafa 'yarsa.

"Me ta ce?"

Ta sunkuya ta raɗa masa.

"Ɗaga murya!"

"Ta ce kakanmu Fada ne, Baba!"

Ya ce, "Fada ai ba ya aure."

"Shi ya sa kowa ya yi shiru, Baba!"

Can baya wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Eloy ne. Na taka masa ƙafa.

Dakta Hollis, da yake mace ce mai tausayi, ta miƙa musu igiyar tsira. Ta ce gwajin ba ya iya bambanta mutum da ɗan'uwansa na jini, mai yiwuwa Fadan ya zo da wa ko ƙane. Nan take tsofaffin biyu suka cafke, karo na farko a rayuwarsu da suka faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya: "Ƙane ne!" Sai jikar Don Celso, mai aikin jinyar, ta tambaya, to ƙanen me ya sa 'ya'yansa suka ɗauki sunaye biyu, ba ko ɗaya nasa? Kakanta ya ce ta rufe masa baki.

Wata malamar makaranta ta ɗaga hannu ta ce, to iyayen mata fa, su wane ne? Dakta Hollis ta ce ba ta da sunan kowa. Abin da ta sani shi ne jinin Ubaldo da na Don Celso duka akwai kaso mai yawa na mutanen ƙasar nan na asali, kuma a zamanin gidan Fada ba ya rasa 'yan matan da aka kamo ko aka sayo suna yi masa niƙa da wanki. In za a neme su, ta ce, a fara dubawa bakin ƙofa.

Doña Eufemia ta ɗauki sandarta. "Comadre, kai ni gida."

Muka kama hanya har muka kai gada. Ta ce, "Daktar nan ba Katolika ba ce, ko?"

"Ban tambaye ta ba."

"Ba Katolika ba ce. Daga takalmanta na gane."

Ni kuwa tunanina na wurin wadda ke riƙe da carbi. Ban san ko ita ce ba, ba wanda zai taɓa sani. Amma na san yarinyar da aka kawo gidan Fada a ɗaure ba a tambayarta ra'ayi, kuma in ciki ya fito sai a nemo wani bawan Allah a ɗaura masa ita, a ba shi gona da rabon ruwa, ya ba ɗan sunansa. Wataƙila Kaftin da Don Nicolás ɗin ke nan, in ma sun taɓa wanzuwa.

Gari ya sami abin taunawa. Rigunan ƙararrawa suka koma tsumman goge mota. Dutsen Kaftin ya kwana biyu a zauren ba mai ɗauka, daga baya Eloy ya kife shi ya tare bakin magudana da shi. A shagon Lucero in ɗan Roybal ya shigo sai a cire masa hula a ce ya sa wa mutane albarka. Wanda ya fi shan wuya Fada Damian ne. Matan da ke kai masa abinci suka koma zuwa bibbiyu, mazajensu na jira a mota da inji a kunne. Ya same ni ina goge fitilu ya ce, "Doña Benigna, ni me na yi? Mutumin nan ya mutu kafin a haifi kakan kakana."

"Ba ka yi komai ba, Fada. Rigar ce iri ɗaya."

"Ba iri ɗaya ba ce ma!"

Da aka gama gyara sai maganar mayar da ƙasusuwa. Bishop ya ce a mayar da kowa inda aka same shi, a yi musu Mas. Eloy ya ƙera wa Fadan dogon akwati na katakon itacen fir, ba ado, ba rubutu, kai da ƙafa faɗi ɗaya. Mutanen ƙofa kuwa aka zuba su a ƙananan akwatuna masu yawa. Fada Damian ya nemi masu ɗaukar babban akwatin daga gidajen biyu. Gidan Ulibarri suka ce duk mazansu na ciwon baya. Gidan Roybal suka ce ranar za su yi wa shanu allura.

Ranar da safe sai ga farar mota daga Albuquerque, da mai kyamara da wata yarinya mai jan baki riƙe da makirfo. Wai sun ji labarin limamin zamanin Spain da aka tono. Ban san yadda labari ya tsallaka rafi ba, amma kafin a buga ƙararrawa ta biyu ciwon baya ya warke, shanu sun sami lafiya. Maza suka cika ƙofar coci da kwat, suna ture juna a kan hannun akwati. Doña Eufemia ta iso da baƙin leshi da 'yan kunnen uwarta, ta tsaya gaban kyamara ta ce gidansu ya daɗe da sanin yana da alaƙa da wani bawan Allah mai tsarki, ta wajen ƙaninsa. Don Celso ya sa kafaɗa ya shigo hoton ya ce shi ma ta wajen ƙanin.

Ƙananan akwatunan ba wanda ya yi rububinsu. Ni da Eloy da malamar makaranta da Dakta Hollis da ɗalibanta muka yi ta jigila. Ba su da nauyi. Ubaldo ya ga muna ɗauka, ya ɗauki ɗaya ya rungume, ya tambaye ni na wane ne. Na ce ban sani ba. Ya ce to, ya bi layi.

An yi Mas lafiya. Rigima a bakin rami ta tashi, bayan mai kyamara ya fita shan taba. Masu ɗauka sun juya akwatin za su saukar, kai wajen bagade, sai Doña Eufemia ta buga sanda a ƙasa.

"Ku juya shi."

"Doña, haka aka same shi," in ji Fada Damian.

"Na ce ku juya shi. Tunda ya yi abin da magidanta ke yi, ya kwanta irin kwanciyar magidanta. Ba zan tashi ran ƙiyama in tarar da shi tsaye yana yi mini wa'azi ba."

"Ke da kika ce ƙane ne?" in ji Don Celso.

"Ƙane ne a gaban baƙi. Ku juya shi!"

'Yan Ulibarri suka juya. Don Celso ya daka tsawa ya ce Fada Fada ne ko ya haifi gari guda, a mayar. 'Yan Roybal suka mayar. Waɗannan suka ja, waɗancan suka ja, akwati ya yi ta zagaye a gaban bagade kamar dutsen niƙa, ana jin ƙasusuwa na gangarawa ciki daga wannan gefe zuwa wancan. Wani ya taka kafet ya zame, aka dire akwatin a karkace. Da Fada Damian ya samu ya tsawatar, kowa na haki, ya ce a saukar da shi kai wajen bagade kamar yadda Bishop ya ce. Sai aka tsaya ana kallon juna.

"Eloy, ina kan yake?"

Eloy ya zagaya akwatin ya sosa gemu. "Dā na sa alama da alli, Fada. Hannayensu sun goge."

Aka dubi Dakta Hollis. Ta ce ita da hannunta ta jera shi daidai, amma bayan wannan juyi ba ta jin akwai sauran kai ko ƙafa, sai dai a buɗe. Fada Damian ya dubi agogo, ya dubi rufin coci, ya ce ba za a buɗe ba. Aka saukar da shi yadda yake. Doña Eufemia ta koma gida da yaƙinin an juya shi, Don Celso ya koma da yaƙinin ba a juya ba, duka biyun suka ci abinci da kyau a zauren taro, kowa a teburinsa.

Doña Eufemia ba ta ƙara shekara ba. Sanyin da ya biyo ya kwantar da ita, ta rasu a gadonta, ta bar wasiyya a binne ta a maƙabartar bayan gari kusa da ubanta. Ran jana'iza muna zaune a coci, dangi a bencin gaba, sai ga Don Celso ya shigo da baƙar kwat. Bai nufi gefensu ba. Ya taho kai tsaye ya matsa 'yar marigayiya, Delfina, ya zauna a tsakiyar 'yan Ulibarri.

"Don Celso, nan wurin dangi ne," in ji Delfina a hankali.

"Na sani, 'yata. Matsa kaɗan."

Ya zauna har aka gama, ya fi kowa ɗaga murya a waƙa, ya yi kuka na gaske har da fyace hanci. A maƙabarta shi ya fara zuba ƙasa. Da aka koma gida cin abinci ya cika faranti ya ƙara, ya ce faten bai kai na marigayiya ba. Yana goge baki ya jawo Delfina gefe, a gabana, ya ce tunda yanzu abu ya zama na gida, ranar da rabon ruwa ke zuwa lambun marigayiya fa, wa zai gaje ta?

Delfina ta karɓe farantin daga hannunsa, ta kira ƙannenta maza suka raka shi har mota.